Tarihin Gano Fumfunar da ke Sa wa Harawar Lufin Guba

Lufin tsiro ne dangin wake, wanda ake nomawa domin abincin dabbobi da kuma gyaran ƙasa. A shekarun 1870 makiyayan Jamus suka fara asarar tumaki masu yawa bayan sun ci harawarsa. Dabba takan daina cin abinci, shawara ta kama ta, hantarta ta lalace, daga nan sai mutuwa. Aka laƙaba wa cutar suna lufinosis, domin an ɗauka tsiron ne da kansa yake kisa, tun da an san ƙwayarsa tana da sinadarai masu ɗaci da ke cutarwa.

A wannan zamani ne masanin cututtukan tsirrai Julius Kühn ya bayyana wata fumfuna da ke zama a karan lufin, wadda daga baya aka sa wa suna Phomopsis leptostromiformis. Sai dai kusan shekara ɗari aka yi kafin a tabbatar da laifinta. A shekarar 1970 masu bincike a Afirka ta Kudu suka nuna cewa ita ce sanadin cutar. Bayan haka aka ware gubar da take fitarwa, wato fomofsin, wadda ke hana ƙwayoyin hanta rabuwa su hayayyafa. Gubar tana ƙaruwa ne idan ruwan sama ya jiƙa busasshen kara bayan girbi.

Wannan sani ya fi amfanar Yammacin Ostareliya, inda ake noman lufin da yawa, ake kuma sakin tumaki cikin gonaki bayan an cire amfani. Can ne aka samar da irin da ke jure wa fumfunar, kamar Gungurru na shekarar 1988, cutar ta ragu ƙwarai.

Duk da haka, da sauran ruɗani a kan sunan. An daɗe ana danganta fumfunar da wata mai suna Diaporthe woodii, har sai a 1994 masana suka nuna cewa iri biyu ne daban. Mai gubar aka raɗa mata suna Diaporthe toxica.

Rarrabewar tana da fa'ida a aikace: mai neman iri mai juriya dole ya gwada tsironsa da ainihin fumfunar da ke kisa. In ya gwada da makamanciyarta, zai yabi irin da zai halaka garke.