Mota Na Yawan Mutuwa a Hanya? Fara Lura da Lokacin da Take Mutuwa

Duk wanda mota ta taɓa mace masa a gosulon Pen Cinema ko Iyana Ipaja ya san abin ba wasa ba ne. Direbobin danfo na ta danna maka hon a baya, kai kuma hankalinka na kan janwen LASTMA. Washegari ka tafi gareji, a canza fulogi. Bayan kwana biyu ta sake, a ce famfon mai ne.

Haka aka yi mana bara da Camry ɗin Baba, irin wadda ake ce wa fensir, da muke zuwa Abbatuwar Oko-Oba da ita. Sai da aka canza abu uku kafin wani dattijon makanike ya yi wa Baba tambaya ɗaya: "Alhaji, da sanyi take mutuwa ko sai ta ɗauki zafi?" Wannan tambayar ya kamata a ce an fara yi tun ranar farko.

Injin fetur abu uku yake buƙata: mai, iska, da tartsatsin wuta daga fulogi, kowanne a kan lokacinsa. Da ɗaya ya yanke, inji ya tsaya. Yanayin da motar take mutuwa shi ke nuna wanne ne ya yanke.

Idan a silo take mutuwa, wato ka taka birki a gosulo ko ka kunna eyasi sai ta ɗauke, amma tana gudu lafiya lau, to mafi yawa matsalar iska ce. Inji mai lafiya da ya yi zafi yana tsayawa wajen juyi 600 zuwa 800 a minti. Ƙura da baƙin hayaki kan toshe bakin totur da ɗan bawul ɗin da ke riƙe silo, musamman a tsofaffin tokumbo. Wankewa kawai yakan isa. A duba tiyon roba da ke kawo iska ko ya tsage, domin iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya kwamfutar mota ba ta san da ita ba, sai ta ba da mai kaɗan. Wasu makanikai ƙara silo kawai suke yi su sallame ka. Wannan rufe ciwo ne, kuma mai za ta riƙa sha.

Idan kuwa sai ka ba ta wuta, ko kana hawa gada da kaya, ta fara fizga tana shaƙewa kafin ta mutu, nemi ɓangaren mai. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka saurara ta wajen kujerar baya: a yawancin motoci za ka ji famfo ya yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu. Amma jin ƙara ba ya nufin ƙarfinsa ya kai, sai an sa ma'auni an gwada. Makaniken da ya ce famfo ya mutu bai gwada ba, zato yake yi. A duba filta da nozul tukuna.

Nan akwai laifinmu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawanmu lita biyar muke sha, allura kullum tana ƙasa. Famfon kuwa a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Yawo da tanki kusan wayam yana gajarta masa kwana. Sannan ka tambayi kanka, ina na sha mai na ƙarshe? Mutanen Legas ba su manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa. Man jarka na 'yan bumburutu ma yakan zo da ruwa ko datti. In matsalar ta fara jim kaɗan bayan shan mai, a zuƙo kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa.

Tamu ita ce ta uku, kuma ita ta fi ruɗa mutane. Da safe mota garau. Bayan tafiyar rabin awa sai ta ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, ba fizga ba komai. Ka yi ta kiki ta ƙi. Ka bar ta ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Wannan alamar na'urar wuta ce da zafi ke kashewa: ko kwal, ko sensar karanshaf da ke gaya wa kwamfuta cewa inji na juyawa. In sensar ta yi shiru, kwamfuta ba za ta ba da wuta ko mai ba. Tamu sensa ce. Wahalar ita ce kafin ka kai gareji ta huce, makanike ya tayar ya ce bai ga komai ba. Ka nemi a bar ta a kunne har ta mutu a gabansa.

In ka faɗa rami fitilun gaban direba suka ƙifta sannan ta mutu, duba kan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota. Batir mai kyau yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka, altaneta ba ya caji.

Damina kuwa, in mota ta mutu a cikin ruwa mai zurfi, kada ka yi kiki. In ruwa ya shiga inji, murɗa makulli ɗaya na iya lanƙwasa ƙarfen fistin. A tura ta, a cire fulogi a duba.

Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Ka sa a jona kafin a cire kan batir, domin cirewa na iya goge bayanin. Rubuta lambar da ta fito da hannunka: P0335 layin sensar karanshaf ne, P0300 fulogi ko wani abu na sa inji tsallake bugu, P0171 iska ta fi mai yawa, P0505 tsarin silo. Lambar layi take nunawa, ba lallai kayan ne ya mutu ba. Wani lokaci waya ce ɓera ya ci.

In ta mutu kana tafiya, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taki ɗaya ko biyu ne ya rage masa da taushi, don haka kada ka yi ta famfa shi. Kunna dabul sigina, sa ta a firi, ka gangara gefe. In za ka Ladipo sayen sensa ko kwal, tafi da tsohon a hannu, ka gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon, kuma ka yi magana da mai shago cewa za ka dawo da shi in bai yi ba.