Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe a Darasin Sarƙar Markov

Tsakure

Wannan maƙala ta ƙi yarda da ra'ayin da ya zama ruwan dare tsakanin malamai, cewa raunin aljabara ne ke kayar da ɗalibai a kwas ɗin lissafin al'amuran da ke sauyawa bisa sa'a. Matsalar ta fi ƙamari wajen gane abin da sarƙar Markov ke tunawa da abin da take mantawa.

Gabatarwa

Masu ɗora laifi kan aljabara suna da hujja: ɗalibi kan sha wuya wajen ninka jadawalin sauyi. Amma wannan ciwo ne da atisaye ke warkarwa. Wanda ba ya warkewa shi ne na ɗalibin da ya ninka jadawali daidai, sannan aka tambaye shi ko yanayin gobe ya dogara da na yau, ya ce a'a, ai sarƙar ba ta da tuni.

Hanyar Bincike

An kwatanta yadda littattafan koyarwa ke gabatar da batun da ainihin aikin Andrey Markov, aka kuma duba irin kurakuran da ke maimaituwa a takardun jarrabawa.

Sakamako

Ɗalibai suna cakuɗa abu biyu: rashin dogaro kwata-kwata, da dogaro kan halin yanzu kaɗai. Ba mamaki, domin sun shafe shekaru suna jefa kwabo da ɗan ludo a darasin yiwuwa, inda jifa ɗaya ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Abin takaici, wannan ruɗani shi ne ainihin abin da Markov ya tashi rusawa. Masanin lissafi Pavel Nekrasov ya yi iƙirarin cewa dokar manyan lambobi ba ta aiki sai al'amura ba su dogara da juna ba. A 1906 Markov ya nuna tana aiki ko da akwai dogaro. A 1913 ya ƙirga haruffa 20,000 na littafin Pushkin, Eugene Onegin, ya samu wasula 8,638 da baƙaƙe 11,362. Yiwuwar wasali ya biyo bayan wasali 0.128 ce, bayan baƙi kuwa 0.663. Harafin da ya gabata yana da tasiri ƙwarai. Na can baya ne lissafin ya yi watsi da shi.

Nan ne ɗalibin da ke jin Hausa yake da gata. Gaɓar Hausa baƙi ke buɗe ta, wasali ya biyo, don haka dogaron a bayyane yake. A ba shi shafi guda na jarida ya maimaita ƙirgen Markov da fensir. Nan take zai ci karo da tambayar da babu jadawalin da zai amsa masa: shin "sh" da "ts" kowannensu harafi ɗaya ne ko biyu? Sai ya yanke wannan hukunci kafin ya fara ƙirge, kuma yanke shi ne zaɓen yanayin sarƙa, matakin da littattafai kan yi wa ɗalibi su miƙa masa a gama. Daga nan misalin Gabriel da Neumann na 1962, kan ranakun ruwa da na fari a Tel Aviv, ba ya buƙatar dogon bayani.

Iyakoki

Gaskiya ne binciken bai auna makin ɗalibai kafin da bayan wannan atisaye ba, kuma bai taɓo tsarin Poisson ko motsin Brown ba, inda lissafi kansa ke da nauyi. Rubutun boko ma ba ya nuna tsawon wasali, don haka alƙaluman da ɗalibi zai samu na rubutu ne, ba na furuci ba.