Ƙarfin Doki da Ƙarfin Jaki: Tarihin Fijo 504 a Hanyar Kazaure

Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta, ta shiga Kazaure, ta wuce Daura har bakin iyakar Kwangwalam, kwalta ce mai ba direba sha'awar taka totur. Amma mafi yawan fasinjojin da ke hawa mota a tashar Kazaure ba a bakin kwaltar suke sauka ba. Wasu Roni za su, inda ƙasa ke da tuddai da duwatsu, wasu ƙauyukan Gwiwa, wasu kuma gabas wajen Babura, inda rairayi ke riƙe taya da rani, laka ta riƙe ta da damina. Motar da za ta ci abinci a wannan yanki dole ta iya hanyoyin duka biyun. Tun shekarun 1970 direbobi da kanikawan wurin suke fama da tambayar da a yau ke damun masu ƙara wa motocin tsere ƙarfi a Turai da Japan: wane irin ƙarfi ne mota za ta ɗauka ba tare da ta zama wahala ga mai tuƙa ta kullum ba?

Motar da ta fi kowace amsa wannan tambaya ita ce Peugeot 504, wadda Bahaushe ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, sannan gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, a ƙarƙashin manufarta ta rage almubazzaranci. Daga ofisoshin gwamnati ta gangara tashoshin mota. Mai dogon baya, wagon, ta zama motar haya tsakanin garuruwa, a-kori-kura kuma ta zama ta buhunan gero da gyaɗa da awakin kasuwa. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, da wuya a sami tasha daga Kazaure zuwa Babura da ba Fijo ce ke kan layi ba.

Abin lura shi ne injinta bai taka kara ya karya ba. Girmansa bai cika lita 2 ba, ƙarfinsa kuma bai kai na doki 100 ba. Darajarsa tana ga inda ƙarfin yake fitowa. Inji yana da ƙarfi iri biyu da ake yawan rikitawa. Akwai ƙarfin murɗa taya, wanda ke tayar da mota daga tsaye da kaya a kanta, ya fitar da ita daga yashi, ya haurar da ita tudu. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji zai yi idan yana juyawa da sauri sosai, kuma shi ke kai mota ƙarshen gudu. Injin 504 yana bayar da mafi yawan murɗarsa tun yana juyawa a hankali, don haka direba ba ya bukatar ƙona kuloci kafin ya tashi. Ga ƙafafu masu dogon lilo da ke shanye ramuka, ga ciki mai nisa da ƙasa, ga tayoyin baya su ke tura motar, ta yadda nauyin kaya ke ƙara danna su a ƙasa su kama hanya.

An gwada wannan tsari a fagen tsere, kuma a Afirka aka gwada shi. A gasar Safari ta Kenya a 1975, Ove Andersson ɗan Sweden ya zo na ɗaya da 504, ya bar motocin Lancia Stratos biyu a bayansa. Stratos kuwa mota ce da aka ƙera musamman don tsere, da injin Ferrari, kuma ta fi Fijo ƙarfi nesa ba kusa ba. A dubban kilomitocin laka da ƙura da duwatsu, abin da ya raba gardama shi ne wace mota ce ta fi jure duka. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin gasar da 504 mai babban inji na V6, ya kayar da Porsche 911. Fijo ta kuma yi nasara a gasar Bandama ta Kwaddibuwa a waɗannan shekarun.

Bayan haka duniyar tsere ta bi wata hanya. Daga 1982 aka buɗe rukunin da ake kira Group B, inda aka sassauta dokoki, kamfanoni suka shiga rige-rigen cusa wa ƙananan motoci ƙarfi ta hanyar turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji. Peugeot ta fito da 205 T16, mai ƙarfin doki sama da 400 a jiki mara nauyi, ta ci kambin duniya a 1985 da 1986. Motocin sun kai inda idon direba da hannunsa ba sa iya bin su. A watan Mayun 1986 Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka mutu a tsibirin Corsica cikin Lancia Delta S4, aka soke rukunin a ƙarshen shekarar. Da Peugeot ta juya da 205 ɗin zuwa gasar Paris-Dakar ta 1987, wadda ta ratsa hamadar Nijar, sai injiniyoyinta suka rage wa injin ƙarfi, suka ƙara wa motar tsawo don ta ɗauki manyan tankunan mai. Da ragaggen ƙarfin Ari Vatanen ya ci gasar.

Dalilin ragewar bakaniken Kazaure ya san shi ko bai taɓa jin sunan Vatanen ba. Duk ƙarfin da aka ƙara wa inji, zafi aka ƙara masa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a arewacin Jigawa, lagireto yana aiki ne a bakin iyakarsa. Injin da aka matse shi fiye da ƙima yana bukatar fetur mai inganci, in ba haka ba man ya riƙa kamawa kafin lokacinsa, ana jin ƙwanƙwasa, har fistan ya lalace. Wanda ke sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu ba shi da tabbacin abin da aka zuba masa. Sauya kamshaf don samun gudu yana kwashe ƙarfin daga ƙasa ya kai shi sama, sai motar ta riƙa kakkarwa a tsaye, tana mutuwa a cunkoson kasuwa. Kuloci mai ɗaukar babban ƙarfi yana gajiyar da ƙafa, motar da aka sassauko da ita ƙasa kuma tana barin salansarta a kan tudun rage gudu na farko.

Saboda haka gyaran da garejin yankin suka ƙware a kai ya fuskanci juriya. Ana ƙarfafa sifirin na baya, ana sa shokozoba mai tauri, ana ɗaga bayan mota don kaya. Ana daidaita kabureta don ta rage shan mai, ko da gudu zai ragu. Ana ɗan ja da lokacin wutar fulogi baya don inji ya jure mai mara kyau. Wannan ma sauya ƙirar mota ne, kamar na masu tsere, sai dai jakin kaya ake nema a nan.

Hikimar tana da nata kurakuran. Al'adar cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, da sunan maganin zafi, tana sa inji ya daɗe cikin sanyi da safiyar hunturu, ya sha mai, ya ci kansa. Mafi muni, ana ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya a bar birki yadda yake. Kuskure ɗaya ne da na saurayin da ya ninka ƙarfin injinsa bai taɓa birki da taya ba: an ƙarfafa gaɓa ɗaya, an bar sauran su biya.

Wannan ya ƙara fitowa fili bayan zamanin Fijo. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar motar Kaduna ta gagari direban haya, motocin gwanjo na Turai suka cika kasuwa, kuma a 2006 aka daina harhaɗa 504. Volkswagen Golf 3 da Sharan suka gaji layin. Golf ta fi Fijo sauƙin shan mai da saurin tashi a kwalta, amma tayoyin gaba ne ke janta. Idan aka danƙara buhuna a but har ƙofar ta kasa rufuwa, gaban motar yana yin sama, tayoyin da ke ja da juya sitiyari su rage kama ƙasa. Lodin da ke taimakon Fijo a yashi shi ke kwance wa Golf ƙafa a kwana. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a 2017, amma na'urar ba ta auna kaya.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin ya sake sauyawa. Direbobin da ke mayar da motocinsu masu aiki da iskar gas ta CNG sun san injin zai ɗan rage ƙarfi, tukunyar gas ɗin kuma za ta cinye wani ɓangare na but. Suna karɓar ragin ne don abin da zai rage a aljihu bayan an biya mai mota da ɗan kamasho. Ciniki ne irin wanda injiniyoyin Peugeot suka yi kafin su shiga hamada: a sayar da ƙarfin da ba a amfani da shi kullum, a sayi nisan tafiya.

Mai son ƙara wa motarsa ƙarfi a yau yana da abin da zai ɗauka daga wannan tarihi. Ya fara da tambayar inda motar za ta kwana da inda za ta wuni, wane mai za ta sha, wa zai gyara ta idan ta tsaya tsakanin Roni da Gwiwa. Ya gyara birki da taya da sanyaya inji kafin ya taɓa turbo. Har yanzu akan ga tsofaffin a-kori-kura na 504 a ranakun kasuwa, shekaru da dama bayan fitowarsu daga Kaduna, suna haura tudu da buhunan hatsi a giya ta biyu.