Daga Ina G01 Ta Fito?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke nan Kudu, musamman 'yan sashen injiniyan kanikanci da za su fara darasin CNC a wannan zangon, kafin ku hau haddace G00 da G01 kamar karatun allo, ga tarihinsu.

A ƙarshen shekarun 1940, a jihar Michigan ta Amurka, kamfanin John Parsons na ƙera farfelar jirgi mai saukar ungulu. Lanƙwasarta tana son awo daidai wa daida, sai shi da injiniyansa Frank Stulen suka riƙa fitar da ma'aunan da na'urar lissafi ta IBM mai aiki da kati mai huji. Amma fa har lokacin mutane ke juya injin: ɗaya na karanto lambobi, biyu na murɗa hannu, wannan X, wancan Y.

A 1949 rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi don injin ya riƙa bin lambobin da kansa. Aikin ya koma jami'ar MIT, a 1952 suka nuna injin sassaƙa ƙarfe mai karɓar umarni daga tef ɗin takarda mai huji. Kowane harafi layin huji guda yake ci, shi ya sa umarnin ya zo a gajarce haka, harafi da lamba. Tef ɗin ya tafi, yarensa ya zauna.

Ga inda ya fi ja hankalina. A zamanin akwai wata hanyar da General Electric suka gwada: ƙwararren ma'aikaci ya sassaƙa na farko da hannunsa, inji ya naɗi motsinsa, ya yi ta maimaitawa. Ba ta yi nisa ba. Masanin tarihi David Noble, a littafinsa na 1984, ya ce shugabannin masana'antu sun fi son hanyar da za ta ɗauke iko daga hannun ma'aikaci ta kai ofis.

To ni dai a ganina ba ta ɗauke duka ba. Cikin layinka akwai S, saurin juyawa, akwai F, saurin cin ƙarfe, kuma kai za ka rubuta su. Ka ba baƙin ƙarfe saurin da ya dace da alminiyam, wallahi bakin yankan zai ƙone ko ya karye, injin kuwa babu ruwansa. Masu gudun aikin tsohon injin hannu wai su kwamfuta suka zo yi, can ne ake fara jin kukan ƙarfe idan an matsa masa. Ranar gwajin aiki kuma malam ba zai ba ka bakin yanka na biyu ba.