Yahudawan Hamada da Ƙasar Sudan

A zamanin En'e, tun kafin kaka ta yi, malaman haraji su kan bazu cikin ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, su zauna ƙofar gidan dagaci, masu unguwa suna kiran sunayen magidanta, su kuwa suna rubutawa. Aikin nan ba shi da sauƙi ko kaɗan. Wani ya tafi cin rani, wani ya ɓoye ɗansa da ya isa biyan haraji, Bafillace kuwa ya kora rabin garkensa cikin daji don gudun jangali. Ran Alhamis, in kasuwar Shinkafi ta cika, wanda ya ƙidaya mutanen da ke cikin garin zai sami ninkin waɗanda za su kwana a can ran Asabar. To, in ƙidayar mutanen da a ke gani da ido ta yi wuya haka, ina ga ƙidayar mutanen da suka shuɗe shekaru ɗari biyar, ba su kuwa bar rajista ba? Irin wannan wahala ce masana tarihi su ke sha wajen neman yawan Yahudawan da suka zauna cikin Hamada da bakin ƙasar Sudan, da inda suka fito, da inda suka ƙare.

Hanyoyin ƙiyasi

Hanya ta farko ita ce bakin matafiya. Wani Bayahude mutumin Sifen, Binyaminu na garin Tudela, ya yi yawon duniya tsakanin wajen 1165 da 1173, ko wane gari ya shiga sai ya rubuta yawan 'yan'uwansa. Amma bai bayyana ba ko kawuna ya ke ƙirgawa ko magidanta. Banda wannan kuma masu kwafe littafin sun saɓa. Wani kwafi ya ce Yahudawan Bagadaza 40,000 ne, wani ya ce 1,000. Duk wanda ya taɓa juyar littafi da alƙalami da tawada ya san yadda ɗigo ɗaya ke mai da ƙaramin adadi babba.

Hanya ta biyu ita ce jizya. A ƙasashen Musulmi baligai maza ne ke biyanta, ba da mata da yara ba. Saboda haka in an sami yawan masu biya sai a riɓa shi huɗu ko biyar, a ce ga yawan jama'a. Wannan lissafi ya kan yi daidai a garin da mutane ke zaune da iyalinsu, amma a zango ba ya yi, gama falke shi kaɗai ya kan zo, matansa da 'ya'yansa suna gida.

Hanya ta uku ita ce wurin ibada da maƙabarta. A addinin Yahudawa sallar jam'i ba ta tsayuwa sai da baligai maza goma. Ashe ke nan duk inda aka sami majami'arsu, a ƙalla an san akwai mutum goma. Takardu ma su kan taimaka. A tsohuwar Alƙahira akwai wani ɗaki cikin majami'ar Ben Ezra inda suka yi ta zuba tsofaffin takardunsu shekara da shekaru, don ba su yarda a yar da abin da ke da sunan Allah ba. A 1897 wani malami, Solomon Schechter, ya kwashe guntaye wajen 193,000 zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila. A ciki aka sami wasiƙun fatake, da takardun aure, da jerin sunayen matalautan da a ke raba wa gurasa, waɗanda suka fi maganar matafiya amfani nesa ba kusa ba.

Tuwat

Ƙofar da Yahudawa suka fi kusantar ƙasar Hausa ta cikinta ita ce Tuwat, watau jerin garuruwan dabino da ke kudancin ƙasar Aljeriya ta yau, inda ayarin da ya taso daga Tilimsan da Sijilmasa kan huta kafin ya faɗa Hamada ya nufi Tumbutu ko Gawo ko Azbin. Babban garinsu a can shi ne Tamantit. An sami wani dutsen kabari a Tuwat da rubutun Ibraniyanci, shekarar da ke jikinsa ta yi daidai da 1329. A 1447 wani falke mutumin Janowa ta ƙasar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuta wasiƙa daga Tuwat, ya ce Yahudawa suna da yawa a can, suna zaune lafiya, ko wane rukuni yana ƙarƙashin wani babba mai tsare shi, ciniki kuwa da yawa ta hannunsu ya ke bi. Sai dai bai faɗi adadi ba. Kalmar da yawa ita ce iyakar abin da ya bari.

Shaidar wannan ciniki ta kai har Turai. A 1375 aka zana wata shahararriyar taswira a tsibirin Mayorka, wadda a ke danganta ta ga Bayahude Abraham Cresques. A jikinta ga hoton Mansa Musa, Sarkin Mali, zaune da curin zinariya a hannu, ga kuma sunayen Tumbutu da Gawo da Tagaza. Mai zanen bai taɓa tsallake Hamada ba. Daga bakin fatake ya ji.

Shekara ta 1492 ta zo wa mutanen nan da masifa biyu. A arewa, Sarki Fadinandu da Sarauniya Isabela suka ci Garnaɗa, suka ba da doka duk Bayahuden da bai shiga Kiristanci ba ya fita daga Sifen. Yawan waɗanda suka fita har yau ana gardama a kansa: waɗansu masana sun ce wajen 40,000, waɗansu sun kai shi 200,000. Da yawa suka nufi Fas da Tilimsan da ƙasashen Turkawa. A kudu kuma, wajen wannan lokaci, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya tashi a kan Yahudawan Tamantit. Hujjarsa ita ce sun karya sharuɗɗan amana ta wajen kusantar masu mulki, majami'arsu kuma ba ta halatta cikin garin Musulmi ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ƙi yarda, ya ce a bar su yadda aka same su. Aka aika neman fatawa Tilimsan da Fas da Tunis, malamai suka rabu biyu, kamar yadda Alwansharisi ya tattara cikin littafinsa Almi'iyar. Daga bisani aka rushe majami'ar, aka kashe mutane da dama, saura suka gudu ko suka musulunta. Jama'ar da ta daɗe ƙarnuka a wurin ta watse, ba wanda ya tsaya ya ƙirga ta.

Daga nan Shehu Almagili ya yi kudu, ya bi ta Azbin da Takadda, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafin nasiha ga sarakuna, ya zauna Katsina kuma ya karantar. Sa'an nan ya tafi Gawo wajen Askiya Muhammadu. Yana can labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat. Ya roƙi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su, amma malamin Tumbutu, Mahmudu ɗan Umaru, ya ce ba a kama mutum da laifin wani, aka sake su. Almagili ya koma Tuwat, can ya rasu wajen 1504.

Bakin Kwara

Labarin Yahudawa a ƙasar baƙar fata ya fi na Tuwat duhu. Al'idirisi, wanda ya gama littafinsa a Sisili a 1154, ya ce an ba shi labarin garuruwa biyu, Malal da Dau, a kudu da Gana ta dā, wai mutanensu Yahudawa ne. Shi dai bai je ba, ji ya yi, gani kuwa ya kori ji. Littafin Tarihul Fattashi ya kawo labarin Bani Isra'ila da suka taɓa zama a Tindirma, bakin Kwara, da sarakuna bakwai da rijiyoyi 333. Amma mai lura zai tuna waliyyan Tumbutu ma 333 a ke cewa. Irin wannan adadi ba na ƙidaya ba ne, na ƙawata magana ne, kamar yadda tsohuwa kan ce wa jikanta ta kira shi sau dubu.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne maganar Valentim Fernandes, wanda ya tattara labarun matuƙan jiragen Fotugal a farkon ƙarni na 16, ya ce a Walata akwai Yahudawa fatake da maƙeran zinariya, masu dukiya amma a ƙasƙance. Sai kuma Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya gama littafinsa a 1526. Ya ce Sarkin Tumbutu ba ya barin Bayahude ya zauna garinsa, falken da aka ji yana hulɗa da su ma a kan ƙwace dukiyarsa. Shi wannan marubuci ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, ya yabi Zamfara da yawan shinkafa da gero da auduga, bai kuwa ambaci Yahudawa ko ɗaya cikin ƙasashen nan ba.

Wuri guda ne aka sami ƙidaya ta sosai. Wani malamin Yahudawa, Mordekai Abi Serur, mutumin Akka a kudancin Maroko, ya isa Tumbutu wajen 1860 tare da ɗan'uwansa. Larabawan garin suka so hana shi zama don kishin kasuwa, sai ya nemi izni daga Sarkin Masina da ke Hamdallahi, aka ba shi bisa sharaɗin biyan jizya. Ya koma gida ya kwaso dangi, har suka kai baligai maza 11, watau sun isa tsai da jam'i da rarar mutum guda. Ba su daɗe ba. Aka yi ta washe kayansu, jama'ar ta watse, shi kansa ya koma arewa hannu wofi, ya rasu a birnin Aljiyas a 1886. Da wani zai riɓa 11 ɗin nan sau biyar bisa lissafin jizya, da ya ƙaga mutum arba'in da huɗu da ba a taɓa yi ba, gama galibinsu fatake ne da suka bar iyali a gida. Baƙo raɓa ne.

Waɗanda suka musulunta kuwa sun shige cikin jama'a. A 1999 wani masani ɗan Tumbutu, Isma'ila Diadie Haidara, ya buga littafi a kan tsofaffin takardun ciniki na garin, ya nuna akwai gidajen Musulmi a yankin da asalin kakanninsu Yahudawa ne. Nan kuma wata tambaya ta taso: wa za a ƙirga? Wanda ke bin addinin, ko wanda ya gaji jinin kaɗai? Amsar da mai ƙidaya ya zaɓa ita ce za ta ƙara adadi ko ta rage shi.

Ƙasar Hausa

Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno. Su biyun da ido su ke ƙiyasin gari, su dubi faɗin ganuwa da cikar kasuwa. Barth ya ce mazaunan Kano wajen 30,000 ne, amma da rani in ayari ya sauka su kan kai 60,000. Sun ba da labarin Larabawan Gadamus da Turabulus, da Buzaye masu gishiri, amma ba su sami unguwar Yahudawa ko majami'arsu cikin biranen Hausa ba. Kayan attajiran Yahudawa na Turabulus, waɗanda ke da hannu a cinikin gashin jimina da hauren giwa, sun iso Kano, amma a kan raƙuman Musulmi.

Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sa'an nan ɗaiɗaikunsu suka zo da kansu. Wanda ya fi shahara shi ne Saul Raccah, mutumin Turabulus, wanda ya ƙasaita wajen sayen gyaɗa har ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa. A 1929 dogo ya kai Ƙaura Namoda, garin ya zama ƙarshen layi, gyaɗa da audugar Zurmi da Shinkafi suka riƙa gangarowa can, baƙin fatake iri iri suka kafa sikeli. Talaka kuwa duk farin da ba Bature ba Kwara ya ke ce masa ko Balarabe, ba ya tambayar addininsa.

A Arewacin Afirka ma, inda suka yi yawa na gaske, labari ya sake. A 1948 Yahudawan Maroko sun kai wajen 250,000, na Libiya wajen 38,000. Cikin shekaru ashirin da suka biyo galibinsu suka ƙaura zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada da Italiya. Na Aljeriya, wajen 140,000, kusan dukansu suka tafi Faransa a 1962.

Abin da ya tabbata ke nan: jama'a mai kauri a Tuwat har zuwa ƙarshen ƙarni na 15, 'yan tsiraru a Walata da Tumbutu, ɗaiɗaikun fatake a Kano zamanin Turawa. Tsantseni wajen adadi ba ƙaramin abu ba ne, domin adadin baƙi makami ne. Mai son a kore su ya kan ce sun cika gari, wanda ya gaji gidajensu kuma ya kan ce ba su taɓa zama ba. Malamin haraji nagari ba ya ƙara suna don ya faranta wa hakimi, ba ya kuma share suna don ya faranta wa mai unguwa. Haka ya wajaba ga mai rubuta tarihi. Allah shi ne masanin adadin bayinsa.