Dokar ma'adinai kamar yadda muka san ta daga Arlit

Duk wanda ya jima a ƙungiyoyin farar hula na Arlit yana riƙe da lambobi biyu a ka: 93-16 da 2006-26. Ta farko ita ce dokar ma'adinai ta 2 ga Maris 1993, ta biyu kuwa gyaran da aka yi mata a 9 ga Agusta 2006. Matasan da suka same mu cikin wannan aiki sukan zaci tun fil azal zaɓaɓɓun wakilai ne ke tsara yadda ake haƙar yuraniyom. Ina! An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka gina garin Arlit a 1969, ƙarfe ya fara fita a 1971, a lokacin majalisar Yamai ta jam'iyya ɗaya ce, Boubou Hama na shugabancinta, ga kuma yarjejeniyar tsaro ta Afrilun 1961 da ta bai wa Faransa fifiko kan irin wannan ma'adini. Diori Hamani na cikin neman ƙarin farashi Seyni Kountché ya kifar da shi a 15 ga Afrilu 1974. Daga ranar har 1989 babu majalisa. Ke nan shekarun da kuɗin ƙarfe suka fi kwarara, aka buɗe ramin Cominak a 1978, Akokan ta cika, aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, duk sun wuce ba tare da wani ɗan majalisa ya ɗaga hannu ba. Ita ma dokar 1993 gwamnatin riƙon ƙwarya ce ta fitar da ita, wadda babban taron ƙasa na 1991 ya haifa.

Kafin a rusa majalisa a 2023, a kan takarda hanyar doka ba ta da wuyar ganewa. Ma'aikata ke rubuta daftari, taron ministoci ya amince, a aika majalisa. Ɗan majalisa ma yana da ikon kawo nasa ƙuduri, sai dai kusan duk abin da ke wucewa daga gwamnati yake fitowa. Taron shugabannin majalisa ya sa shi cikin ajanda, a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya bi shi aya-aya, ya kira minista, ya rubuta rahoto. Daga nan sai babban zaure, a yi mahawara, a kaɗa ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 15, a buga a jaridar gwamnati. Zama biyu ne a shekara, na dokoki da na kasafin kuɗi, tsakaninsu kuma gwamnati kan nemi izinin yin doka da kanta.

Mu dai abin da muka koya shi ne zaure wurin kallo ne. Ranar da ka ga ana cacar baki a talabijin, an riga an gama. A wancan lokaci ƙofar talaka tana ɗakin kwamiti, inda ake kiran sandika da ƙungiyoyi a ji ta bakinsu, kuma sai ka san ranar da takarda ta iso. Daga Arlit zuwa Yamai kusan kilomita 1,200 ne, a kan hanyar da manyan motoci suka cinye. Sai a taru da dare a tsakar gidan wani, malamin makaranta ya riƙe hoton daftarin da aka samo da ƙyar, yana karantawa da Faransanci yana fassarawa da Hausa, wani na maimaitawa da Tamajaƙ saboda dattawan Abzinawa da suka shigo daga daji. Ana shan shayi ana gardama kan aya guda. Da an tsayar da magana a rubuta shafi biyu, a yi karo-karo na kuɗin mota, wannan jikka biyu, wancan jikka biyar, a tura mutum biyu. Akwai kuma wata matsala: a lokacin da jerin sunayen jam'iyya ake zaɓen 'yan majalisa, na jihar Agadas, saboda haka ba mai kujerar da za ka nuna ka ce ta Arlit ce. Wanda ka je wa da kuka yana sauraron jam'iyyar da ta sa sunansa kafin ya saurare ka.

Muryar gari ta fara kai wa Yamai ne ta wata hanya dabam. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin ma'adinai, shi da abokansa suka kafa Aghir In'Man, suka gayyato masana na CRIIRAD daga Faransa a Disamban 2003. Greenpeace ta biyo baya a 2009. Awon da suka yi na ruwa, da ƙura, da tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa, ya fita a jaridun duniya. Daga sannan wanda ya zo daga Arlit da takarda a hannu ya daina zama baƙon da ake cewa ya dawo gobe.

Dokar 2006 ce ta farko mai nauyi da zaɓaɓɓiyar majalisa ta yi kan ma'adinai, zamanin Tandja, Mahamane Ousmane na kujerar shugabancin majalisa. Abu biyu muka riƙe a cikinta. Harajin haƙa ya tashi daga kashi 5.5 cikin 100 tsayayye ya koma hawa uku, 5.5 ko 9 ko 12, gwargwadon ribar kamfani. Sannan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ya zama rabon ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo. Wannan bai faɗo daga sama ba. Yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin bai wa yankuna iko, zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya samar da magadan gari da za su karɓa. Amma a nan muka gane cewa sa hannu a doka rabin aiki ne. Sai an fitar da dekiren zartarwa, sai baitulmali ya saki kuɗin. Shekaru suka riƙa wucewa bashin yana taruwa, magadan gari na zarya. Kamfanonin kuwa suka ce yarjejeniyarsu ta girmi dokar, ba ta hau kansu ba. Lokacin da tawayen MNJ ya ɓarke a 2007, rabon arzikin ƙarfe na cikin abin da suka ambata.

Abin da har yau nake jinjinawa shi ne, rubutu mafi ƙarfi da muka taɓa samu ba daga zaɓaɓɓiyar majalisa ya fito ba. Bayan juyin mulkin Salou Djibo a 2010 aka kafa majalisar shawara ƙarƙashin Marou Amadou, 'yan farar hula na ciki, ROTAB ta su Ali Idrissa na matsa lamba daga waje. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya fito da aya ta 148, wadda ta ce arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, da aya ta 150, wadda ta wajabta buga kwangilolin haƙa da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. Da waɗannan ayoyi aka yi yaƙin 2013 da 2014, sa'ad da wa'adin yarjejeniyoyin Somaïr da Cominak ya cika a ƙarshen Disamban 2013. An yi jerin gwano a Yamai da Agadas da Arlit, buƙata ɗaya tak: a yi aiki da dokar da majalisa ta riga ta yi. A 26 ga Mayu 2014 Areva, wadda ke tafiyar da kamfanonin, ta amince, ta yi alkawarin yuro miliyan 90 na hanya da naɗa 'yan ƙasa shugabancin kamfanonin biyu. Murnar ba ta yi nisa ba, don farashin ƙarfe ya faɗi tun bayan haɗarin Fukushima na 2011, harajin da ke bin riba kuwa ba ya hawa in riba ta ragu.

Majalisa ta kasance tana da wani makami, kwamitin bincike. An gwada shi a 2017, bayan jaridar Le Courrier ta fallasa kusan dala miliyan 320 da suka bi ta asusun kamfanin gwamnati Sopamin zuwa Dubai a 2011. Rahoton ya wanke gwamnati, 'yan adawa suka ƙi yarda da shi, magana ta mutu a nan. Ga kuma dokar 2015-36 kan safarar baƙin haure, da aka yi a Yamai ta zo ta kwantar da direbobi da masu masauki a Agadas da Arlit, mutane da dama ba su ji labarinta ba sai da aka fara kama motoci.

Cominak ta rufe a 31 ga Maris 2021. Majalisa mai kujeru 171 ta yi sabuwar dokar ma'adinai a 2022, ba ta kai ga ganin amfaninta ba sojoji suka rusa ta bayan 26 ga Yuli 2023. Yanzu mun koma zamanin odonans, dokar da gwamnati ke yi da kanta. Da shi aka soke dokar baƙin haure a Nuwamban 2023, gwamnati ta janye lasisin mahaƙar Imouraren daga hannun Orano, magajiyar Areva, a Yunin 2024, ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025. Da yawa a nan sun yi tafi, ciki har da waɗanda suka yi shekaru suna neman haka ta ƙofar kwamiti. Sai dai an rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, naɗaɗɗun kantomomi ke zaune a ofis, majalisar da aka girka a Yamai a 2025 kuma shawara kawai take bayarwa. Tsofaffin ma'aikatan Akokan na tambayar wa zai ci gaba da duba lafiyarsu, da wa zai sa ido kan tulin dattin haƙa na wajen tan miliyan 20 da ke bayan gari. Mun rubuta takardar, muna kan shawarar ofishin da za a kai ta.