Daga direba zuwa mai mota: Yadda ake zaɓen tirela a jihar Kebbi

Burin direbobin manyan motoci da dama shi ne wata rana su sauka daga motar maigida su hau tasu. Sai dai wanda ya mallaki mota guda ɗaya tal ba shi da wata da za ta rufa masa asiri idan ta tsaya, kuma sau da yawa kuɗin da ya zuba a cikinta gumin shekaru ne, haɗe da bashi ko kuɗin gona.

A garuruwa irin su Kambaza da ke ƙaramar hukumar Gwandu, da kuma Kalgo, tambayar farko ba ta sunan kamfanin da ya ƙera motar ba ce. Tambayar ita ce: wane kaya za ta ɗauka, kuma a wace hanya?

Kayan da ake dako

Yawancin lodin da ke fita daga wannan yanki amfanin gona ne da dabbobi. Akwai albasar Aliero, da shanu da hatsi daga kasuwanni irin ta Jega, sai kuma shinkafa shanshera da ake kai wa masana'antu kamar Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, wadda aka buɗe a shekarar 2017.

Kowanne da irin bodin da yake bukata. Albasa tana son bodi mai shan iska, domin zafi na ruɓar da ita kafin a isa Legas. Shanu na bukatar bodi mai tsayi da ƙarfi. Siminti da taki kuwa, waɗanda galibi su ne lodin dawowa, shimfiɗaɗɗen bodi ma ya ishe su.

Wannan lodi na dawowa shi ne ke raba riba da asara. Daga Birnin Kebbi zuwa Legas ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa da Ilori ya haura kilomita 800, kuma motar da ta dawo babu kaya ta ƙona man da ba wanda zai biya. Bugu da ƙari amfanin gona na da lokacinsa, saboda haka bodin da zai iya ɗaukar kaya iri-iri ya fi dacewa da mai mota ɗaya.

Dogaro da kan iyaka ma na da haɗari. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, masu motocin da harkarsu ta ta'allaƙa da hanyar Kamba sun ji a jikinsu.

Mai taya shida ko mai taya goma

Kan tirela iri biyu ne aka fi gani. Mai taya shida ya fi araha, ba ya shan mai sosai, kuma an ƙera shi ne domin shimfiɗaɗɗun titunan Turai. Mai taya goma, wanda jeri biyu na tayoyinsa na baya ke ja, ya fi jure nauyi da ramuka da laka, amma kuɗin tayarsa da na mansa sun fi yawa.

Ga wanda zai riƙa shiga ƙauyukan fadama da damina, na biyun ne zai fisshe shi. Amma ƙarfin mota ba lasisi ba ne na yin lodi fiye da kima. Dokar nauyi ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙayyade tan 51 ga tirela mai jerin tayoyi shida, kai da bodi da kaya baki ɗaya. Ko ba a kama mutum ba, giya da birki da tayoyi za su karɓi tararsu.

Gwanjon Turai ko sabuwar China

Najeriya ta taɓa haɗa manyan motoci da yawa: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da Mercedes a kamfanin ANAMMCO na Enugu, inda fitacciyar 911 ta fito. A yau kasuwar ta rabu ne tsakanin gwanjo, irin su DAF ta Holland, MAN da Mercedes na Jamus da Mack ta Amurka, da kuma motocin China irin su Howo da Shacman, waɗanda ake haɗa wasu a cikin gida.

Tsofaffin DAF da MAN sun samu karɓuwa a arewa ne saboda bakanike a gefen hanya na iya kwance injinsu ya mayar, kuma ana samun kayan gyaransu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Na baya-bayan nan, masu cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 da Euro 6, kwamfuta ce ke sarrafa su, suna kuma bukatar tsaftataccen man gas. Ƙaramar matsalar waya na iya ajiye irin wannan mota kwanaki a garejin da ba shi da na'urar bincike.

Motocin China sun fi sauƙin farashi idan sababbi ne, kayan gyaransu kuma sun wadata, amma darajarsu na saurin faɗuwa in an tashi sayarwa. A nan, a ganin wannan marubuci, shawarar bakaniken da zai riƙa duba motar ta fi ta dillali nauyi, domin dillali da zarar ya karɓi la'adarsa ya gama.

Akwai kuma motocin da aka shigo da su daga Ingila masu sitiyari a dama, aka mayar da shi hagu. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, kuma juyin da ba a yi shi da kyau ba na iya shafar sitiyari da birki.

Man gas da takardu

Babu tallafi a kan man gas. A shekarar 2022 farashin lita ya ninka fiye da sau biyu, sannan faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023 ta tayar da farashin taya da kayan gyara. Tirela mai cike da kaya kan sha lita 35 zuwa 50 a kowane kilomita 100, don haka bambancin lita biyar kacal tsakanin mota da mota na iya zama lita 40 ko fiye a zuwa Legas kaɗai. Motoci masu amfani da iskar gas ta CNG sun fara shigowa, amma amfaninsu ya dogara ga samun tashar cikawa a hanyar da mutum yake bi.

Kafin a biya kuɗi, wajibi ne a tantance takardar kwastan, a kuma gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma mota mai araha ƙwarai a yankin kan iyaka abar tuhuma ce.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na bukatar lasisi mai aji G ga direban tirela, da na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya a 2017. Sabon mai mota kan kuma shiga ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO, maimakon ta ma'aikata, NURTW, da ya saba da ita.

Wanda zai karɓi mota bashi kuwa, ya kamata ya lissafa biyan kowane wata da kuɗin da zai samu a watannin da kasuwar albasa da shinkafa ta yi sanyi, ya kuma ware kuɗin sauya tayoyi da gyaran inji tun kafin lodin farko.